A GWADA A KAN YASHI, KADA A GWADA A KAN TALAKA

Jama'a, akwai wata magana da ta ke yawo a bakin manya duk lokacin da aka zo kasafin kuɗin ruwa, har ta fara shiga bakin talakawa, shi ya sa muka ga wajibi ne mu tanka. Maganar ita ce wai kuɗin da a ke sa wa a ɗakin gwaji asara ne, wai mutane ruwa su ke so ba bincike ba, wai me ya haɗa mai ƙishirwa da malamin da ya ke zaune cikin ɗaki yana wasa da yashi da kwalabe kamar yaro. Wanda ya ji ta farat ɗaya sai ya ce mai faɗinta mai tausayin talaka ne. To, mu mun ce ƙarya ce aka yi wa kwalliya, kuma yau za mu kwance mata zane a kasuwa.

Ku 'yan kasuwa ku ne shaidunmu. Wane ne cikinku zai sayi buhun gero ashirin a Dawanau bai zura hannu ya ɗebo daga tsakiya ya murza ba? Wace mace ce za ta biya kuɗin tukunya ba ta ƙwanƙwasa ta ta ji amonta ba? Falke ba ya ɗaukar huhun goro sai an buɗe masa ganye ya duba, mai sayen sa kuwa sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙori. Ba wanda ya taɓa ce muku wannan ɓata lokaci ne, wanda bai yi ba ma shi a ke kira sakarai. To, aikin ɗakin gwaji ke nan, a ɗebo kaɗan a duba kafin a zuba jari duka. Bambancin kurum shi ne buhun gero in ya fito da ƙwari mai shi kaɗai ya yi asara, dam kuwa in ya fito da aibi gari guda ne zai kwana cikin ruwa.

Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa duk maganarmu ta ke tsaye. Babu dam, babu rijiyar burtsatse, babu kwalbatin da ba za a gwada shi ba. Zaɓi biyu ne kurum. Ko a gwada da rana cikin ɗaki, da bokitin ƙasa da famfo, inda in abu ya rushe sai a share a sake, ko kuwa a bar wa damina ta gwada da tsakar dare a kan mutanen da ke barci a gangare. Wanda ya ce a soke kuɗin ɗakin gwaji bai soke gwajin ba. Wurin yinsa ya canza, ya mai da shi unguwarku.

Bari mu ba ku labarin mutumin da ya fara wannan wasa da yashi da a ke yi wa dariya. Sunansa Hanri Darsi, injiniya ne a birnin Dijon ta ƙasar Faransa. A zamaninsa mutanen Dijon ruwan rijiyoyi marasa tsabta su ke sha. Shi ne ya jawo musu ruwa daga wani marmaro mai nisan kimanin mil 8, ruwan ya iso gari a 1840, ya kakkafa famfo fiye da 100 a tituna, ya kuma tsaya kai da fata a kan cewa kowa ya ɗiba kyauta. Ku lura fa, wannan ba malamin da bai san ƙishirwar talaka ba ne. To, shi ɗin nan da ya shayar da gari kyauta, shi ne a 1855 da 1856 ya kafa wani guntun bututu a tsaye a asibitin garin, faɗinsa kamar inci 14, tsawonsa ya fi na mutum, ya cika shi da yashin kogi, ya riƙa tura ruwa ta sama yana auna abin da ya fito ta ƙasa. Ya ƙara ƙarfin ruwan ya auna, ya rage ya auna, ya canza yawan yashin ya sake aunawa. Har famfunan asibitin su kan girgiza masa ma'auni in ana buɗe su ana rufewa, amma bai fasa ba.

Abin da ya samu gajere ne, ɗan firamare ma zai haddace shi. Ruwa ba ya tafiya cikin ƙasa yadda ya ga dama. In ka ninka ƙarfin da ke tura shi, abin da ya ke wucewa zai ninku. In ka ninka kaurin yashin da zai ratsa, zai ragu da rabi. Sa'an nan ko wace irin ƙasa tana da nata gwargwado wanda a ke iya aunawa a rubuta da lamba. Tsakuwa ta kan bar ruwa ya wuce a guje, yashi a hankali, yumɓu kuwa sai ka ce ya yi rantsuwa ba zai bari ba, har bambancin da ke tsakanin tsakuwa da yumɓu ya kan kai ninki miliyoyi. Masu haƙar rijiya na garuruwanmu sun san wannan da hannunsu tun kaka da kakanni, ba mu raina su ba ko kusa. Amma sanin hannu ba ya gaya maka galan nawa rijiya za ta ba da a awa ɗaya, ko kuwa in an haƙa wata kusa da ita ta farko za ta ƙafe. Lamba ce ta ke faɗin wannan. Darsi ya buga sakamakonsa a 1856, ya rasu a 1858. Tun daga ran nan har yau duk injiniyan da ya lissafa ruwan rijiya, ko ruwan da ke tsattsafowa ta ƙarƙashin dam, a ko ina cikin duniya, da dokar bututun nan ya ke lissafi. A gaya mana wace kwangila ce ta biliyoyi ta taɓa yin riba irin wadda guntun bututu da buhun yashi suka yi.

Na biyu shi ne Karl Tarzagi, mutumin Ostiriya, wanda ya yi koyarwa a wata kwaleji a Santambul bayan Yaƙin Duniya na Farko. Wannan ya fi kusa da halinmu, don ba shi da kuɗin kayan aiki, har da akwatunan taba da tarkacen da ya tsinta ya harhaɗa na'urorinsa. Cikin abubuwan da suka dame shi akwai wannan tambaya: me ya sa dam da a ke gani lafiya lau, ruwa bai hau kansa ba, sai kurum a wayi gari ya zube? Amsar da gwaji ya ba shi ya kamata duk wanda ke zaune ƙarƙashin dam ya san ta kamar sunan ubansa.

Ko wane dam na ƙasa yana tsattsafo, wannan ba aibi ba ne. Aibin ya kan fara ne ran da ruwan da ke fitowa ta bayan dam ya sami ƙarfin ɗaukar ƙwayoyin ƙasa. Sai ya ɗauke ɗaya, ya ɗauke biyu, ɗan rami ya buɗe, ruwan ya ƙara gudu don ya sami hanya, ya ƙara ɗiba. Ramin yana ci da baya kamar ramin gafiya, daga waje zuwa ciki, ba mai gani, har ran da ya tarar da tafki. Daga nan kuma sai dai gudu. Maganin da Tarzagi ya fitar a shekarun 1920 shi ne a shimfiɗa matata ta yashi da tsakuwa a inda ruwan zai fito, wadda ƙofofinta sun isa ruwa ya wuce amma sun yi wa ƙasar dam ɗin ƙanƙanta. Yaya a ke sanin girman yashin da ya dace? Da rariya. Matan da ke tankaɗe gari sun fi mu duka gane wannan. A kan jera rariya bisa rariya, mai manyan idanu a sama, mai ƙanana a ƙasa, a zuba ƙasar a girgiza, a auna abin da ya tsaya a ko wace ɗaya. Daga nan a san irin yashin da zai tare ta. Aikin ke nan, babu tsafi a ciki, kuma kuɗinsa bai kai na tayar motar babban darakta ba.

Akwai kuma wani irin yumɓu mayaudari, a hannu ga shi da danƙo kamar na kirki, amma da ya haɗu da ruwa sai ya narke kamar sukari. A 1976 wani injiniyan Amurka mai suna Sharad da abokan aikinsa suka buga hanyar tona masa asiri. A kan cura ɗan yumɓun a cikin bututu, a huda shi da allura, ramin kamar milimita ɗaya, a tura ruwa ta ciki. In ruwan ya fito garau ramin bai ƙaru ba, yumɓun ya ci jarrabawa. In ya fito da duhu ramin yana faɗi, to, wanda ya gina dam da shi haka nan ba magani ya gina wa mutane kabari.

Kada ku zaci mun zo yabon Turawa ne. A cikin shekarar nan ta 1976, ran 5 ga Yuni, dam ɗin Titon a jihar Aidaho ta Amurka ya fashe tun a cikarsa ta farko. Tsayinsa ƙafa 305, hukumar Gwamnati ce ta gina shi, ga injiniyoyi ga ɗakunan gwaji. Da safe aka ga ruwa mai laka yana fitowa ta jikinsa, aka tura katafila biyu su toshe, ramin ya haɗiye su, direbobin suka tsira da ƙyar. Kafin rana ta take tsaka dam ya tafi. Mutum 11 suka mutu, shanu kimanin 13,000 suka halaka, Gwamnati ta biya diyya fiye da dala miliyan 300. Da aka yi bincike sai aka tarar an cika cikin dam ɗin da ƙasa mai laushi wadda ruwa ke ɗauka da sauƙi, an ɗora ta a kan dutse mai tsage-tsage, ba a sa mata matatar da ta isa ba. Watau abin da Tarzagi ya nuna da akwatin taba shekara 50 kafin nan, shi aka yi wa kunnen uwar shegu. Saboda haka bukatarmu biyu ce, a yi gwajin, kuma a tilasta wa mai gini ya ji abin da gwajin ya faɗa. Ta biyun ba ta yiwuwa sai jama'a sun san sakamakon.

Yanzu mu dawo gida, inda mu ma mun sha namu rabon. Dam ɗin Bagauda a ƙasar Kano ya fashe a watan Agusta na 1988. Dam ɗin Alau da ke kan kogin Ngadda, mil goma sha wani abu daga Maiduguri, an gama shi a 1986, ya yi wa garin ambaliya a 1994, sa'an nan a watan Satumba na 2024 ya ɓalle da dare. Ruwa ya shiga Gwange, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya rusa katangar kurkuku, ya fitar da namun daji daga gidan zu, ya cika Kasuwar Monde. Mutane dubu ɗaruruwa suka bar gidajensu. Ku 'yan kasuwa kun san abin da ruwa ya ke yi wa buhun sukari da dilar atamfa da littafin bashi, kun kuma san ɗan tallafin da a ke rabawa bayan an yi ɓarna ba ya mai da jarin shekara ashirin. Tsakanin 1994 da 2024 shekara 30 ne cur. Shekara 30 sun isa a tankaɗe ƙasar dam sau dubu, a auna lakar da ta taru a cikin tafki ta cinye wurin ruwa, a gwada ko mazubar da aka yi wa rarar ruwa za ta iya da babbar damina. Duk waɗannan tambayoyi ne masu amsa, amsarsu kuma da lamba ta ke zuwa. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ware naira biliyan 80 don sake ginin Alau. Madalla. Mu dai muna tambaya a madadin mutanen Gwange: nawa ne cikin kuɗin nan na rariya da allura, kuma a wane allo za a manna sakamakon don mai karatu ya karanta wa wanda bai iya ba?

Mun san abin da za a ce mana, don an saba faɗinsa a ko wace ta'aziyya: ƙaddara ce. Ba mu yi musun ƙaddara ba. Ruwan sama na Allah ne, ba wanda ya isa ya ƙara ɗigo ko ya rage. Amma yumɓun da aka zuba a dam ɗan kwangila ne ya zaɓe shi, faɗin mazuba injiniya ne ya zana, takardar biya kuma wani ne ya sa mata hannu, kuma dukansu suna da suna da ofis. Abin mamaki, ba mu taɓa jin wanda ya bar wa ƙaddara ginin gidansa na kansa ba. Nan sai an kirawo gwani, an duba ƙasa, an ƙirga rodi. Tawakkali sai an zo kan dam ɗin da talaka ke kwana a ƙarƙashinsa.

Ga yadda wasu suka yi da suka sha irin wannan wuya. A 1927 kogin Misisipi ya yi wa Amurka ambaliyar da ba su manta ba. Bayan shekara biyu, a 1929, suka kafa gidan gwajin ruwa a garin Biksbag. Daga 1943 kuma suka fara gina kogin kwaikwayo a fili mai eka 200, da fursunonin yaƙi na Jamus aka fara haƙa shi, aka zana Misisipi da manyan rassansa da siminti, ko wane lanƙwasa da tudu a wurinsa. Ƙafa 2,000 na tsawon kogin gaske ƙafa ɗaya ce a nan, kwana guda kuma minti biyar da 'yan kai. A watan Afrilu na 1952 ruwa ya taso a kogin Misuri yana nufin birnin Omaha. Aka riƙa zuba wa ƙaramin kogin ruwa daidai da labarin da ke zuwa daga sama, dare da rana, ana gani da ido inda zai tsallake ganuwa da inda ba zai kai ba, ana buga waya a ce ku ƙara buhunan yashi a wuri kaza, ku kwashe mutanen wuri kaza. Abin da aka hanga da abin da ya auku bambancinsu bai wuce 'yan inci ba, aka kuma ƙiyasta an tsare asarar dala miliyan 65. An rufe wannan fili a 1993 da kwamfuta ta karɓi aikin, amma har yau manyan madatsun ruwa a duniya a kan gina ɗan ƙaramin kwaikwayon mazubarsu a ɗaki, a sakar masa ruwa a ga inda zai ci, kafin a zuba siminti na gaske. Ba mu ce a gina mana eka 200 ba. Kwaikwayon mazubar dam ɗaya zaure guda ya ishe shi.

To, wannan na ruwan da ya yi yawa ke nan. Akwai na ruwan da ke ƙarewa ba a sani ba, shi ma Barno ce za ta ba mu darasi. A ƙarƙashin ƙasar Barno akwai shimfiɗar yashi hawa uku masu riƙe da ruwa. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka fara huda ta tsakiya, mai zurfin ƙafa 1,000 ko fiye, sai ga ruwa yana tunkuɗo kansa sama ba inji ba guga. Aka yi murna, kuma murnar tana da dalili, don makiyaya da garuruwa sun sami ruwa inda da babu. Amma da yawa cikin rijiyoyin aka bar su a buɗe suna kwarara dare da rana, shanu su sha kaɗan, rana ta shanye saura. Sannu a hankali ƙarfin ruwan ya yi ta raguwa, rijiyoyin da da su ke feshi wasu suka koma ɗiga, wasu suka yi shiru.

Ɗakin gwaji ne ya faɗi abin da ido ba ya iya gani. Akwai wani irin sinadarin gawayi a cikin iska wanda ruwan sama ya ke tafiya da shi ƙasa, kuma yana raguwa da rabi duk shekara 5,730. In aka ɗebo ruwan rijiya a kwalba aka auna abin da ya rage, sai a san tun yaushe ruwan ya rabu da sama. Da masanan Ingila da na Jami'ar Maiduguri suka auna ruwan mai zurfi na Barno, sai aka tarar shekarunsa kimanin 20,000 ne. Ku sake karantawa. Ruwan da aka bari yana zuba a ƙasa ya sauka ne tun kafin a kafa Kano, tun kafin a san noma, kuma daminar bana ba ta mayar da shi. Haka kuma suka auna ɗan gishirin da ruwan sama ya ke bari cikin yashi in rana da tsiro sun shanye shi, suka gane cewa a ƙasar yashi ta arewacin Yobe abin da ke isa ga ruwan rijiyoyi na sama bai wuce kimanin kashi 1 cikin 10 na ruwan shekara ba. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ruwan sama-sama riba ce, tana shigowa duk shekara, kaɗan kaɗan. Ruwan mai zurfi uwar kuɗi ce ta gado. Wanda ya ke cin uwar kuɗi yana tsammani riba ya ke ci, kun san ƙarshensa a kasuwa. Yau ko wane mai hali a biranenmu ya huda burtsatse a gidansa, ko wane ɗan takara ya huda goma kafin zaɓe, in rijiyar unguwa ta ƙafe kuma talaka ne ke biyan ɗan ga-ruwa kuɗin jarka. Kwalba ɗaya da aka kai ɗakin gwaji ita ce ke rarrabe wace rijiya ce riba, wace ce uwar kuɗi.

Ba mu ce ɗakin gwaji ya san kome ba, kuma malaman da ke cikinsa in masu gaskiya ne su ma ba za su ce haka ba. Bokiti ba kogi ba ne. In ka rage kogi sau dubu ba ka iya rage ƙwayar yashi sau dubu, shi ya sa a kan zuba dakakken gawayi ko roba a maimakonsa, sa'an nan a gyara lissafi. Ƙasar da aka yanko cike da gwangwanin madara ba ta ƙunshe da ramin gara ko tsagar da firgi ke yi da rani, wadda ƙafar akuya ke faɗawa, alhali kuwa ta nan ruwan farko ya ke zurarewa. Kuma babu kwalbar da za ta gaya maka tafki zai ja baya. A shekarun 1970 aka kashe maƙudan kuɗi a kan aikin ban ruwa na Kudancin Chadi wajen Marte, don a jawo ruwa daga tafkin Chadi. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita kimanin 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980, ya bar manyan magudanai a bushe. Wannan aikin ma'aunin fili ne da littafin tarihi, watau mutumin da ke zuwa bakin kogi ko wace safiya ya karanta sandar awo ya rubuta. Shi da malamin ɗakin gwaji Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Abin haushi shi ne masu cewa ɗakin gwaji bai isa ba, ba su faɗin haka don a ƙara kuɗin mai karanta sanda. Suna faɗi ne don a soke duka biyun.

Wasu kuma sun sami sabuwar mafaka, wai yanzu zamanin kwamfuta ne, ba sai an taɓa laka ba. Mai rubutun nan akawu ne, ya san littafin lissafi ba ya faɗin kome sai abin da aka rubuta masa. Kwamfuta akawu ce mai sauri, shi ke nan. In ta lissafa ruwan ƙasa, dokar Darsi ce a cikinta. In ta tambayi gwargwadon yadda ƙasar Haɗeja ko ta Goronyo ke barin ruwa ya wuce, sai wani ya je ya ɗebo ƙasar ya auna. In ba a auna ba sai a kwafo lambar wata ƙasa daga littafin Turai a cusa mata, ita kuwa ta fitar da taswira mai launi ja da shuɗi, a ɗaura mata kyakkyawan bango, a kai wa Minista. Ƙarya ce dai, an buga ta da inji.

Ba kuma za a ce babu inda za a yi aikin ba. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna tun 1979. Akwai sassan aikin ruwa da na ilmin ƙasa a jami'o'in Zariya da Kano da Maiduguri, cike da 'ya'yan talakawan da iyayensu suka sayar da awaki suka sa su makaranta. Akwai hukumomin raya koguna tun shekarun 1970. Ga kuma tambayoyi jibge suna jiran mai amsa. Tun da aka datse Tiga a 1974 da Challawa a 1992 tafiyar kogin Haɗeja ta canza, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse wasu suka bushe. Yadda ciyawa ke rage gudun ruwa har laka ta kwanta abu ne da a ke aunawa cikin dogon kwami na gilashi, a dasa ciyawar a saki ruwa a gani. Manomin fadama da masunci na Nguru sun fi cancantar wannan kwami da kachallarsu a ciki bisa ga wani sabon taron bita a otal.

Saboda haka ga abin da za ku tambayi duk wanda ya zo neman ƙuri'arku da alkawarin dam ko burtsatse, ko daga wace jam'iyya ya fito. Wa ya gwada ƙasar, a wane ɗaki, ran nawa ga wata? Shin mai gwajin ɗan kwangila ne ke biyansa, ko kuwa yana da ikon ya ce a'a bai rasa abincinsa ba? Ina takardar? A fassara ta da Hausa da Kanuri da Fulatanci, a karanta a rediyo, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma kusa da jerin sunayen masu biyan haraji, tun da dai wannan jerin ba a taɓa mantawa a manna shi ba. In ya ce wannan maganar masana ce ba ta ku ba, ku tambaye shi unguwar da gidansa ya ke, a tudu ko a gangare.

Ku kuma da ke zaune kusa da madatsun ruwa, manya da ƙanana, kada ku jira kowa. In tafki ya cika, ku zaga ta bayan dam ku duba inda ruwa ke tsattsafowa. Ku cika farar kwalba ku ajiye ta a inuwa ta kwana. In da safe ruwan garau ya ke, gindin kwalbar ba kome, ku sake ɗiba bayan mako guda. In kuwa kun ga laka ta kwanta a gindi, ko tsattsafon da kuka sani da kaurin yatsa ya koma kaurin hannu, ko wani wuri a jikin dam ya lotsa, to ran nan ba gobe ba ku kai wa mai unguwa da hukumar dam ɗin labari a rubuce, da kwanan wata da sa hannun mutum uku. Ku riƙe kwafe ɗaya, ku aiko wa jaridar nan da ɗaya, kwalbar kuma ku toshe bakinta ku adana.